Ɗigon da Ya Ƙi Bin Layi

Motoci arba'in da bakwai na ƙirga
a garejin Baba da ke Farin Gada.
Na rubuta nauyin kowace, da yawan silinda,
da man da take sha zuwa Bukuru da dawowa.
Sanyin Jos ya ƙandarar min da yatsu,
biro ma sai da na hura masa numfashi.

Da dare na zuba su a kwamfuta.
Sanduna suka miƙe, dogo da gajere,
kamar rake a bakin Taminus:
masu silinda huɗu sun kere kowa,
masu takwas, biyu tak, sun durƙusa a gefe.
Na zana da'ira, na yanka ta kamar kankana,
rabi da ɗoriya na Japan,
na Faransa ɗan siriri, ko yaro ba zai ƙoshi ba.

Sai na yi ɗige-ɗige,
nauyi a kwance, shan mai a tsaye.
Kamar an watsa wa kaji acca,
amma in ka ƙura ido sun kama hanya,
suna hawa tudu a jere:
mai jiki ita ce mai ciki.

Na kai wa Baba. Ya goge hannu a wando,
ya riƙe takardar nesa da ido.
"Shekara talatin kunnena ke gaya min wannan,
ke kuwa sai da na biya kuɗin makaranta."
Can yatsansa ya tsaya. "Wannan fa,
da ya ware ƙasa shi kaɗai?"

Fijon Dachung ce, akori-kura,
mai ɗauko dankali daga Bokkos.
Ga nauyi, ga tsufa, amma kurɓa take, ba ta kwankwaɗa.
Malama Kangyang ta ce irin wannan
wataƙila kuskure ne, a sake awo.
Na sake. Sau uku. Bai gusa ba.

Baba ya yi dariya har da tari.
"Dachung ba ya taka totur sai ya shawarci aljihu.
Ina gurbin ƙafar direba a zanen naki?"

Na duba kwance, na duba tsaye.
Babu.

Ban goge ɗigon ba.
Takardar na nan manne a bango, gefen kalanda,
da shaidar babban yatsan Baba, baƙi ƙirin,
ɗigo na arba'in da takwas.