Abin da Tayar Hagu Ta Faɗa

Bakoji ya kawo motar ranar Litinin,
jar ƙasar bayan Kwadon har cikin fitilunta.
Ya ce, "Baba Giɗaɗo, taya ta huɗu ke nan
cikin wata biyu. Ko dai jabu ake sayar min?"

Ban tanka ba. Na durƙusa.
Mu ba da ido muke karatu ba,
da tafin hannu ne.
Gefen waje sabo fil, zanensa ko gezau,
amma ciki, can inda ba a leƙawa,
ta siɗe sumul kamar kan jariri ranar suna,
har waya ta fito tana cizon yatsa.

Na san filin nasu.
Asabar bayan la'asar
sukan jera tsofaffin tayoyi su fitar da kwana bakwai,
wani yaro na tsaye yana ƙirga daƙiƙa,
su kuwa suna afka wa kwana kamar masu bin bashi.
Na ce, "Wacce ce ke yi maka gardama?"
Ya ce, "Ta uku.
In na murɗa sitiyari, sai motar ta tsaya shawara."

Muka sa jak.
Na girgiza wili dama da hagu, shiru.
Sama da ƙasa, shiru.
Tayarod lafiya lau, bushin bai tsage ba,
shokozoba ko ɗigon hawaye babu.

Ni ba ni da na'urar nan mai kwamfuta
irin ta masu shago a hanyar Bauchi.
Zaren ɗinkin buhu gare ni,
gwangwanin madara huɗu, da awon tela.
Na ja zare daga baya zuwa gaba:
ta dama ta tsaya a sahu,
ta hagu ta fita da faɗin ƙwayar wake.
Na kwance, na murɗa, na ɗaure, na sake awo.
Ta shigo sahun, amma kanta a karkace,
kamar wanda aka tilasta wa ba da haƙuri.

Sai na kwanta ƙarƙashi, tocila a baki.
Can inda ƙafar mota ke kama gangar jiki,
ƙarƙashin laka da baƙin fenti,
na ga walda.

Na san ta.
Kowane mai walda da irin rubutunsa.
Nawa yana rawa a ƙarshen layi,
rubutun mai son ya tashi.

Shekara tara ke nan.
A hannun wani mai sayar da hatsi take lokacin,
ta daki kwalbati a gangaren Tumfure.
Na ɗaura sarƙa jikin darbejiya na ja ƙarfen,
magariba ta kawo jiki, mai gidan haya na jirana,
na ce ai ya isa haka. Wa zai auna?
Mai ita daga gida sai kasuwa sai masallaci,
ko an biyo shi ba ya wuce arba'in.

Shekara tara ƙaryata na tafiya a hankali,
ana yi mata wanki, ana sauya mata mai,
har sai da ta faɗa hannun yaro mai gudu
ta fara cin roba a bainar jama'a.

Na fito, bayana duk ƙasa.
Bakoji ya ce, "Nawa ne aikin?"
Na ce, "Mai tayar bai cuce ka ba."
"To wa?"

Na goge tocilar a riga, na daɗe ina gogewa.
"Bar min ita kwana uku.
Asabar ɗin nan ka je kallo da ƙafa.
Kuɗin tayoyin nan huɗu kuma, rubuta min a takarda."

Ya yi dariya, ya zaci ba'a ce ta tsofaffi.
Na ƙwala wa Manu kira: ɗauko sarƙa, a cika tukunyar gas.

Darbejiyar tana nan, ta ƙara kauri.
Tabon ma yana nan a gindinta,
daidai gwiwata.