Curi Na Ɗari Biyu Da Sha Bakwai

Ƙarfe biyu da kwata na dare, a kan wani dutse a Chile,
iska ta kwanta.
Ximena Huenchullán ta ce in juya madubi kudu.
Na juya. Duk nauyin ƙarfen nan da gilashi
ya bi yatsana kamar akuya ta ga mai dusa.

Ni ba masani ba ne, direban madubi ne,
ɗan Baldomero mai awaki, daga kwarin Elqui.
Ita ce mai ƙirga.

Curin taurari take ƙirgawa,
dubu ɗari-ɗari a dunƙule kamar an mulmula su a tafin hannu,
suna kewaya wani garken taurari, maƙwabcin namu.
Maƙwabci fa, in ji ta, tana dariya:
haskensa ya shekara miliyan sha biyu a hanya.

Da hasken da ido ya sani muka fara.
Ɗari biyu da sha shida.
A tsakiyar garken kuma wata baƙar ɗamara ta ƙura
ta rufe abin da ta rufe.

Ta ce, sauya.
Na koma hasken da ke bayan ja,
wanda ido bai san shi ba sai fata,
irin wanda bango ke amayarwa bayan rana ta faɗi.
Minti arba'in muna jira. Shayi ya huce.
Ƙasa ta ɗan girgiza yadda ta saba a nan,
cokali ya yi ƙara a kofi,
ba wanda ya ɗaga kai.

Ga shi.
Ɗigo ɗaya, jaja-jaja, can cikin ƙurar,
tsoho tukuf, ya girmi rana,
ya girmi dutsen da muke zaune a kai.
Ta ba shi lamba. Ko suna babu.

Ni kuwa babana na tuna.
Shekara shida ke nan yana ta rufe masa ido,
amma in na shiga ɗaki, ko ban yi tari ba,
sai ya miƙo hannu: Eleuterio, kai ne,
ga sanyin dutse a rigarka.
Awakin ma da tafi yake ƙirga su,
ya san wadda ta kwana da zazzaɓi.

Gari ya fara wayewa, gajimare ya kwanta a ƙarƙashinmu.
Na rufe rumfar madubi.
Ximena ta yi barci a kujera da biro a hannu.

Ran Asabar zan sauka in kai masa magani.
Zai tambaye ni nawa muka samo.
Zan ce ɗaya.
Zai ce, dare guda cur, ɗaya?
Da ni kake wa kiwo, da tuni na sallame ka.