Ƙarfe Uku a Garken Hawes

Ruwa na dukan kwano tun magariba.
Hawes ta yi barci, saura ni da tumaki ɗari biyu.
Tsohuwa Thwaite ta je ta ɗan runtsa,
ta bar min tocila da bokiti,
da lambar likita rubuce a bango.

Sai mai lamba arba'in da bakwai ta durƙusa.
Na fari ya faɗo da atishawa.
Na biyu ya faɗo shiru,
kamar jiƙaƙƙiyar safa da aka yar a ciyawa.

Likita yana Leyburn, ruwa ya shanye hanya.
Babu kowa sai hannuna.

Na zura yatsa na kwashe yauƙin bakinsa,
na matse hancin,
na dunƙula ciyawa na murje haƙarƙari,
murza ta gaske, ba lallashi ba.
Shiru.
Uwar ta juyo ta dube ni
kamar ni na ci mata bashi.

A nan Inna Tasalla ta faɗo min a rai,
tsugune a turken awakinta a Ɗambatta,
tsinke a hannu, baki bai huta ba:
"Tashi, ɗan nema! Wa ya ce maka kwanciya aka zo yi?"
Na zari tsinke na sosa masa hanci,
na faɗa masa haka, kalma da kalma.

Ya girgiza kai. Ya yi atishawa.
Ashe ɗan Yorkshire yana jin Hausa.

Amma cikin bakinsa sanyi, kamar ruwan randa.
Na goge shi da tawul har ya bushe,
na sa shi a akwatin ɗumi,
na hana kaina gaggawa:
wanda bai iya ɗaga kai ba, ba a ɗura masa nono,
huhu zai bi.
Sai da wuya ya tsaya na tatso dakashin uwar,
na ba shi kaɗan-kaɗan,
na tsoma cibiya a aidin.

Da asuba tsohuwar ta shigo da shayi kofi biyu.
Ta leƙa, ta lashi fensir,
ta rubuta "biyu" a littafinta.
Ba ta tambaya ba, ban ce komai ba.

Na fita alwala a famfon waje.
Sau uku na wanke hannu,
ƙarnin bai fita ba.
Na bar shi.