Kabbara Huɗu a Rumde Ajiya

Gidanmu ya girmi fitilun nan.
Daren da aka fara kunna su, kajin Inna Jebba suka rikice,
zakara ya yi cara ƙarfe tara,
sau uku, da iyakar ƙarfinsa,
har Baba ya tashi yana laluben buta.

Daga baya muka saba.
Ranar wasa tun hantsi ake kwashe shanya,
a ɗaure akuya a ɗaki,
a tare lungu da tsohon kwano
saboda masu tsugunno a gindin katanga.
Katangar ta yi gishiri har gwiwa, tana cin kanta.
Ba zan ɓoye ba, ni ma na ci rabona:
dala ashirin kowane babur a ƙofar gida,
Asta kuma ta soya kifin Binuwai,
kafin a busa usur tirenta ya koma wayam.

Baba ne bai taɓa shiga ba.
Ta bango yake kallon ƙwallo, da kunne.
Ya ce, wannan ihun na ci ne.
Wannan kuwa turke ta daka.
Wannan alƙalin wasa ake zagi, ku toshe kunnen yara.
Ban taɓa kama shi da kuskure ba.

Lahadi ce, ana gwada lasifika,
ƙirjinsa ya fara.
Motar da na kira ta tsaya a shingen jandarmomi,
direba ya bugo: sai mai takarda a gilashi.
Ban ce da ta iso da ya tashi ba,
kwana in ya ƙare ya ƙare.
Abin da na sani shi ne
sai da na manna kunne a bakinsa
kafin in tsinci kalmar shahada
daga ƙarƙashin ƙahonnin roba.

Da la'asar muka fito da shi.
Babu wurin sahu.
Babura arba'in da ɗaya, da hannuna na jera su,
da hannuna na karɓi kuɗin.
Muka ɗaga su ɗaya-ɗaya, kowanne a kulle,
kamar masu jan tumakin da suka ƙi tafiya.

Liman Hamajoda ya yi kabbarar farko,
ba wanda ya ji, hannunsa muka bi.
Ta biyu, ganguna.
Ta uku ce ƙasa ta motsa,
Garwa gaba ɗaya ta buɗe baki,
tattabaru suka watse daga kan rufi,
yaron da ke gefena ya waiga, ya dawo da kai da sauri.
Ni ɗin ma, Allah ya yafe mini,
a tsakiyar addu'a na ji ina tambaya:
Baba, wannan na ci ne?

Ta huɗu ta faɗo cikin shiru.

A shinge, wani jandarma ɗan saurayi
ya dubi makara, ya dubi ogansa,
bai jira amsa ba, ya ja ƙarfen.
Samari biyu da suka rasa tikiti,
fuska da fenti kore da ja da rawaya,
suka sa kafaɗa taku goma, taku ashirin,
suka koma.
Ban san sunansu ba.

Da dare masu babura suka dawo, murya a dishe.
Wani ya ce wa ya taɓa masa madubi.
Wani ya ga tabarmi, ya rage tafiya,
ya ce Allah ya ji ƙansa,
ya ƙara a hankali, mun ci biyu.

Fitilu na ci har cikin ɗakin Baba.
Zakara ya yi cara.
Buta na nan a bakin ƙofa,
da sauran ruwa a ciki.