Tauri a Faranti

Ƙarfe biyun dare a Idi-Araba,
janareta na tari, ruwan Ikko na dukan taga,
ni da faranti goma sha biyu
ina gadin abin da ba ya barci, sai haihuwa.

Na bakwai, sunan Kawu Tanimu ne a murfinsa,
mahauci, shekara talatin a kwatar Oko-Oba.
Ƙahon bijimi ya kwarzane shi a ƙauri,
ya ce ai ba komai, ya ɗaure da tsumma,
ya koma kasuwa.

Kafso ja da baƙi ya saya cikin danfo
wajen mai jaka, mai zaƙin baki:
"Maruru, sanyi, basir, duka ɗari biyar!"
Ya sha uku, zogi ya lafa,
ya adana sauran don wata rana,
ya ɗauka wannan ce warkewa.

Shekaranjiya na ɗebo mugunyar na shuka.
Ga su, ɗigo-ɗigo, ruwan zinariya kamar an watsa gero.
A ƙarƙashin madubi kuwa curi-curi, tamkar inabi.
Ashe mugu ma ya iya kwalliyar zuwa gaisuwa.

Takardun magani shida na dasa musu a tsakiya.
In magani na da kaifi sukan ja da baya,
su bar fili kewaye, kamar 'yan kallo sun ga wuƙa.
Waɗannan ko gezau.
Har gindin fanisilin suka shimfiɗa tabarma.
Morenike ta leƙo ta kafaɗata, ta ja tsaki,
ta koma kujerarta ba tankawa.

Na san layar.
Ba dukawa suka ɗinke ta ba,
rubutu ne, baƙaƙe huɗu ana ta jujjuyawa
a cikin zaren gadonsu.
Maganinmu mabuɗi ne, ya san ƙofar maginin katangarsu;
rubutun ya ce a canja kwaɗo.
Mabuɗi ya zo, ya juya, ya sake juyawa,
magini na ciki yana ta ɗora tubali, ba tsayawa.

Ɗan tauri kan riƙe asirinsa, sai ɗan cikinsa.
Su ba su san rowa ba.
Zoben rubutu suke miƙa wa maƙwabci
yadda kuɗin mota ke tasowa daga kujerar baya,
hannu zuwa hannu har kwandasta,
ba wanda ya tambayi wani wace ce uwa.

Kuma mu ne malamansu.
Rabin magani ya kwashe ragwaye,
ya bar wa masu taurin kai gida ba kuɗin haya.
Kafin a kai Mushin a go-sulo ɗaya ta zama takwas.
Garin nan kowa ya koya wa zama,
har su ya koya wa rayuwa.

Amma takarda ta shida,
ga ɗan fili kewaye da ita, siriri kamar jinjirin wata.
Na ɗora ma'auni, na riƙe numfashi. Ya kai.
Na rubuta wa likita sunanta.
Kuɗinta ya fi cinyar sa,
kwana goma sha huɗu, ba tsallake, ba mantuwa.

An kira assalatu.
Na wanke hannu har gwiwa, na sake,
don su ma a hancina suke haya.
A aljihun farar rigata ga kafso bakwai
da na zare daga 'yar sharar Kawu yana barci.
In ya farka zai laluba,
zai ce wa ya taɓa masa magani,
ni kuwa zan ja kujera in zauna. Doguwa ce amsawa.