Doron Jita

Shekara talatin ina raba wasiƙu a Trento,
yanzu ni da katako muke wuni a ɗakin ƙasa.

Daga kwarin Fiemme na sayo shi, guntaye biyu.
Na haɗa bakinsu da gam, na bi da kurfi,
waje doro kamar bayan kunkuru,
ciki na rarake kamar akushi.

Nakan ɗaga shi da yatsa biyu
in ƙwanƙwasa kusa da kunnen dama,
na hagu ya riga ni ritaya.
Da fari ƙwas yake cewa, kamar ƙofa.
Sai a mako na shida ya fara amsawa.

Na farkon, zari ya cinye shi.
Na ce bari in ƙara kankarewa kaɗan,
sai ga tsaga.
Nives ta tura shi murhu, muka tuƙa polenta.
Ba ta ce uffan ba. Da ma ta ce.

Na biyun nan hunturu uku ya ci.
Ramukan fuskarsa masu wuyan agwagwa,
ɗaya ya ɗara ɗaya da kaurin farce.
Ni kaɗai na sani.

Jiya na ɗaura tsirkiya shida.
Ban iya kaɗa jita ba, ban taɓa iyawa ba.
Na ja mai kaurin, na saki,
sai takun Nives ya tsaya a sama.
Ta leƙo daga matakala, muciya a hannu:
"Ottavio, sake."