Ruwan da ke Cikin Wuta

Mushe Kiyari ba shi da ɗakin gwaji.
Abin da yake da shi kwando ne:
lemun tsami, magarya, dabino,
da tsinken tsintsiya da ya kakkarya a gida.

Ya ɗaga lemo ya ce, wannan karbon ne,
hannu huɗu gare shi,
kuma ba ya barin ko ɗaya ya zauna banza.
Magarya idirojan ce, hannunta guda,
wanda ta kama, ta kama ke nan.
Dabino oksijan, mai hannu biyu,
wadda ba a ɗaura auren wuta sai da ita.

Ya jera lemo takwas kamar raƙuman Zango,
ya rataya musu magarya goma sha takwas.
Ya ce ga abin da ke gudu a cikin babur.
Shafi'u na bencin baya ya ci biyu.
Mushe bai ɗaga bulala ba,
ya ce, ka sake wa abin suna,
zo allo ka gaya mana sabon.

Sannan ya ja kibiya da alli.
Hagu: fetur da oksijan.
Dama: iskar karbon, da zafi,
da ruwa.

Aji ya fashe da dariya.
Ruwa? A Damagaram?

Ni ban yi dariya ba, barci nake ji.
Tun ƙarfe uku na dare nake Garin Malam,
jarkata ta ashirin da bakwai a layi,
famfo ya yi tari, ya yi atishawa,
ya ba mutum tara, ya yi shiru.

Yayana Lawali yana bakin hanyar Tanut
da kwalabe jere a kan katako,
rana na ratsa su kamar shayin da bai nuna ba.
Ruwa-ruwa ake ce da hajarsa.
Na ɗauka suna ne kawai
na masu gudun idon duwan.

Da magariba Inna ta kunna ƙaramar tukunyar gas.
Na ɗauko farantin tasa mai sanyi daga gindin randa,
na kifa shi nesa kaɗan da shuɗin harshen,
na ƙirga biyar, na juyo.
Ga shi nan.
Raɓa, ƙanana-ƙanana, kamar gumin hancin jariri.
Na sa yatsa na lasa.
Ba gishiri, ba kanwa, ba warin kome.
Inna ta ce, ke Tsahara, gas kuɗi ne,
in kin gama duba ki miƙo ludayi.

Mushe ya ce lita guda in ta ƙone
tana barin ruwa kusan lita a iska.
Na zauna ƙofar gida ina ƙidayar kabu-kabu.
Kafin kiran lisha na cika jarka uku
a bayan littafina.

Ba abin da ke ɓata, in ji shi,
ƙwayoyin zarra dai kan saki hannun wani
su kama na wani.
To, idirojan ɗin nan da ta kwana shekaru
a ƙarƙashin yashin Agadem,
aka turo ta bututu, aka dafa, aka tace,
ta wuce ta kwalbar Lawali,
ta fito bayan babur ta zama ruwa,
ina za ta sauka?
Duwatsun Birni suna kallonta tana wucewa.
Wataƙila Magarya. Wataƙila can ƙetaren iyaka
a gonar wanda bai san sunanmu ba.

Gobe akwai jarrabawa.
Na daidaita hagu da dama har sau biyu:
oksijan ashirin da biyar, ruwa goma sha takwas.
Na rufe littafi,
na ɗaura tsumma ja a wuyan jarka
don kada a sake musanya min ita a duhu.